Wuƙar Matar Malam

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki da duk matan da kike karɓar haihuwarsu. Mu nan lafiya, in aka cire gwiwata ta hagu da ke riga masu hasashen yanayi sanin zuwan ruwa. Hawan jinin ya lafa.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna. Ina mai baƙin cikin sanar da ke, a madadin kaina da furfurata da littattafaina, cewa matata tana da wuƙa.

Na san abin da za ki ce: wace mace ce ba ta da wuƙa? To, ba ta yankan albasa nake nufi ba. Wannan mai ƙotar baƙin katako ce, tana da akwatinta mai shimfiɗar jan ƙyalle, kuma ba a gidana take kwana ba. Bari in ɗauko miki zancen daga tushe.

Kin san na ajiye alli a ƙarshen zangon nan. Tsofaffin ɗalibaina, waɗanda na daɗe ina tsoratarwa da tarihin daulolin da suka ruguje, suka ga ya dace su karrama ni da cin abincin rana. Jagoransu wani ne da ake kira Injiniya. Bai taɓa haye jarrabawata ba sai da addu'a, yanzu kuwa gadoji yake ginawa, abin da ya sa nake bin doguwar hanya. Shi ya zaɓi wurin: gidan gasasshen naman nan na manya da ke saman dogon benen bankuna.

Mutuniyarki ta ce kanta na ciwo. Ta ce rigarta ba guga. Ta ce, “Kai da ba ka cin jan nama, me za mu je yi?” Na ce akwai kifi, na kuma kawo mata misalai daga tarihi na mutanen da suka ƙi karramawa suka yi da-na-sani. Ta ɗauki jakarta muka tafi.

Wurin dai ba a cewa komai. Kujerun fata, sanyin na'ura, haske kaɗan-kaɗan kamar ana makokin fitila. Bango guda na gilashi ne, an rataye cinyoyin shanu a bayansa suna tsufa cikin mutunci. Injiniya ya ce da gangan ake barinsu makonni don su yi taushi. Na ce ashe akwai inda tsufa ke ƙara wa abu daraja, ni dai ban gani ba a wurin aikinmu. Kusa da ƙofa kuma ga wani kabad cike da ƙananan akwatuna. Ya ce duk wanda ya zama ɗan gida, wanda ya yi ta zuwa har aka saba da shi, akan ba shi wuƙarsa ta kansa, a zana sunansa a jiki, a ajiye masa. Ya ce shi kansa bai kai ba tukuna, ya faɗa da irin muryar da ake faɗin an hana mutum muƙami. Na yi dariya na ce Allah ya raba mu da aikin banza.

Da muka zauna suka nemi in ce wani abu. Kin san ni ba mai yawan magana ba ne, amma na ɗan taɓa. Na gangaro kan amana, na nuna mutuniyarki na ce, “Kun ga wannan baiwar Allah? Ranar da zuciyata ta kwantar da ni a asibiti, likita ya hana ni jan nama, ta tsaya a bakin gadona ta ce: abin da likita ya hana ka, ni ma na bar shi. Daga ranar har yau tsoka ba ta shiga bakinta ba.” Matan da ke wurin suka ce Allah sarki. Mazan suka sunkuyar da kai, kowa na tuna tasa matar. Ita kuwa tana ta ninke ƙyallen goge baki tana warwarewa. Na ɗauka kunya ce.

Tafin da aka yi mini bai gama lafawa ba sai ga mai kawo abinci, wani dattijo mai farar riga, da 'yar takardarsa a hannu. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Yana isowa kanta sai fuskarsa ta washe kamar ya ga 'yar'uwarsa.

“A'a, ranki ya daɗe! Yau ai ba ranarki ba ce. Sannu da zuwa. Kamar kullum? A bar ja a tsakiya?”

Kafin wani ya yi numfashi ya ɗaga yatsa, sai ga akwati an kawo an buɗe a gabanta. Na sa tabarau. Sunanta ne na yanka, da na mahaifinta, an zana su da kyau a jikin ƙarfen. Ba “Matar Malam” ba, yadda duk unguwa ke kiranta. Ni ko alamata babu a jikin wuƙar.

Yaya, na karanta labarin sarakunan da fadawansu suka ci amanarsu, na koyar da shi har na gaji. Ban taɓa sanin cewa abin yakan zo da dankali a gefe ba.

Ta dubi wuƙar, ta dube ni, ta dubi dattijon. Sai ta ce, “Eh. Kamar kullum.”

Kuma ta cinye. Yanka ɗaya mai kaurin tafin hannu, da zanen garwashi a bayansa, ta bi shi a tsanake, ta ware kitsen gefe guda da gwanintar wanda ya daɗe a sana'a. Injiniya ya yi ta tambayata ko kifin ya yi daɗi. Kifin ya kalle ni, na kalle shi.

Da muka dawo gida ta ce, “Malam, ka bari in…” Na ce ba sai ta ce komai ba, na yi mata ɗan jawabi a kan alkawari. Daga nan na yanke hukunci. Na kwashe kwanona na koma ɗakin karatu, kuma na daina yi mata magana, ban da sallama. Bari ta ɗanɗana shiru ta ji yadda yake.

Ke kika haɗa mu, tun kuna 'yan makaranta, shi ya sa na fara kawo ƙara wurinki. Ki gaida maigidan. Ki kuma bincika ko shi ma yana da cokali a wani wuri.

Naki,
ɗan kawunki da aka ci amanarsa

*

Ƙamus,

Mun gode da gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙafar maigidan da ta kumbura, ita ma da sauƙi. Ka riƙa shan maganinka a kan lokaci, fushi ba ya maye gurbin ƙwaya.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a bakin aiki tsakanin naƙuda da naƙuda, har wata mai jego ta tambaye ni ko lafiya nake dariya ni kaɗai. Kai kaɗai ka rage a duniya mai aiko takarda. Ga waya a aljihunka, ka ce wai waya ba ta barin mutum ya gama tunaninsa. Tun muna yara muka sa maka Ƙamus, ga shi ka tsufa ba ka ƙaryata mu ba.

Tunda ƙara ka kawo, to alƙaliyar ma tana cikin masu laifi. Ni na fara kai ta wurin. Zuwan da na yi lokacin ciwonka, bayan an sallame ka, na ga ta rame ta zama tsinke, ga jinya ga aikinta a kantin magani, tana cin dafaffen ganye tare da kai kamar ita ce ta faɗi. Na ja hannunta na kai ta, na ce ci. Na ɗauka sau ɗaya ne. Daga baya ta gaya mini tana komawa duk ranar da ta sami hutun rabin yini. Ban gaya maka ba, kuma kada ka jira in ba ka haƙuri.

Ɓoyewar ba daidai ba ce, na faɗa mata. Kunyar da ka sha a gaban yaranka ma ban ji daɗinta ba, ko da yake kai ka haƙa ramin da bakinka.

Amma ka saurare ni. Ba naman ne ke kai ta ba. Akwai abin da take samu a can wanda ba ta samu a gidanka. Ka tambaye ta, za ta gaya maka, in har za ka iya jiran amsa.

Ka fito daga ɗakin karatun nan. Kai ba yaro ba ne.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, don tarbiyya ta hana ni fasawa. Allah ya sauwaƙe wa maigidan ƙafa. Gwiwata na nan. Jinin ya ɗan hau, kuma kin san wanda ya hau da shi.

Ashe ke ce. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to ni yanzu ban san wanda zan fara da shi ba, don makashin da maratayin duk 'yan ajinku ɗaya ne. Shekara da shekaru ina rubuto miki labarin sadaukarwar matar nan, kina amsa mini da “Allah ya bar ku tare,” ashe kina goge maiƙo a bakinki. Na ɗaga ta a gaban surukai. Na kafa misali da ita a wurin ɗaurin auren 'yarmu, har mijin yarinyar ya yi hawaye. Duk wannan lokacin akwai wani dattijo a saman bene da ya fi ni sanin yadda matata ke son namanta.

Yanzu ga rahoton hukuncin da na yanke. Na ɗauka kafin mako ya zagayo za ta zo bakin ƙofar ɗakin karatu tana kuka. Yaya, matar nan ƙiba take yi. Da safe ina jin ta a kicin tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da rabona da ji tun muna gidan haya. Ta sauya labulen falo. Ta shuka wani abu a tsohon bokiti a bayan taga. In ta dawo daga kanti sai ta ajiye mini abincina a bakin ƙofa, ta zauna a tebur ita kaɗai, ta ci a hankali tana kallon waje, fuskarta sumul kamar wadda aka biya wa bukata. Ni kuwa a ciki maganganu sun taru mini a maƙogwaro har ina yi wa kyanwa bayanin faɗuwar dauloli.

Da farko na ce taurin zuciya ne. Sai wasiƙarki ta zo. Kin san aikina ke nan, karanta abin da aka rubuta da abin da aka ƙi rubutawa. “Ba naman ne ke kai ta ba.” To mene ne? Dankalin? “Akwai abin da take samu a can wanda ba ta samu a gidanka.” Na karanta layin nan a tsaye, na karanta shi a zaune. Ruwa ba ya tsami banza. Mace ba ta waƙa a kicin alhali mijinta ya ƙaurace mata, sai in akwai mai sauraron waƙar a wani wuri. Kuma wa ke zuwa irin wannan gida shi kaɗai? Ko a tarihi ban ga wanda ya yi liyafa da kansa ba.

Na san kina ƙoƙarin sassauta mini ne, irin yadda kuke yi wa mai naƙuda, ku ce saura kaɗan alhali ba a fara ba. Ba na bukatar sassauci. Ki gaya mini ko wane ne. In mai kantin maganin nan ne mai rina gashin baki, ki faɗa, na daɗe ban yarda da gaisuwarsa ba.

Ina jiran amsa da gaggawa.

Ɗan kawunki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ban san lafiyarku ba tunda ba ki ga damar sanar da ni ba. Ni dai ina raye.

Kullum sai na leƙa akwatin gidan waya, har ma'aikacin wurin ya fara yi mini kallon tausayi. Shiru ma magana ce, na kuma fahimci taki. Tunda kin ƙi faɗa, na tambaya da kaina, kamar yadda kika ba ni shawara.

Tana goge farar rigarta ta aiki na fito na tsaya a kanta. Na ce, “Wane ne?”

Ta ce, “Au, ka warke? Wane ne wa?”

Na ce, “Wanda kuke zama da shi a saman bene.”

Dariya ta fara yi, har ta dafa teburin guga. Da ta ɗago ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ta kashe dutsen gugar ta jingine shi. Ta ce, “Malam, ni kake yi wa wannan tambayar? Da jikokina?”

Na ce hujjoji ne suka yi tambayar, ba ni ba.

Ta ce, “In na amsa, za ka saurara?”

Na ce shekara talatin ina saurarenta, na kuma tuna mata wasu lokuta da na yi hakan. Daga nan na jero mata hujjojin daki-daki, waƙar, labulen, bokitin, har da layinki, don kada ta ce zargi ne kawai. Ban ɗaga murya ba. Na yi bayani ne irin na masu ilimi, ina kai da komowa a falo. Da na juyo don in rufe jawabin, sai na ga ni da rigar ne kawai a ɗakin.

Washegari ta ɗauki hutu a kanti, ta fita da ƙaramar jaka. Ta bar mini miya a firji, ta jera mini ƙwayoyina a kan tebur, na safe daban, na yamma daban. Ba ta bar ko layi ɗaya ba. Na kira 'yarmu, ta ce, “Baba, Mama tana lafiya,” ta ƙi ƙara komai. Ita ma an saye ta.

Gidan ya yi girma. Abin da ta shuka a bokitin ya fara yaushi, ban san ko ruwa yake so ko inuwa ba, kuma babu littafin da ya faɗa tunda ban san sunansa ba. In kin san inda take, kuma na san kin sani, ki ji tsoron Allah.

Ɗan kawunki

*

Ƙamus,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ka cancanci fiye da haka ba.

An tura ni ƙauyuka horar da sababbin ungozomomi, ba shiri. Na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a kan tebur, da matarka a ɗakin baƙi. Tana nan. Ta ci, ta yi barci, jikokina sun maƙale mata. Ba ta ambaci sunanka ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kai wane irin mutum ne? Na rubuta maka layi ɗaya a fili, ka sa shi a turmi ka daka har ya fito da namiji mai gashin baki. Baki shi ke yanka wuya, naka kuwa ko wasa wuƙa ba ya bukata. Nama ta ɓoye maka, ka rama da abin da ba a faɗa wa matar kirki.

Tunda sai an tauna maka, ga shi. Shiru take zuwa ci. Daga safe tana tsaye a bayan kanta, wannan ya zayyana mata basir ɗinsa, waccan ta zayyana mata tarin ɗanta. Ta dawo gida ta zuba abinci, kafin ta kai loma baki ka fara tarihin gishiri. Ba mugunta kake yi ba, na sani, ita ma ta sani, shi ya sa ta kasa ce maka ka yi shiru. Sai ta samo wuri guda a duk faɗin birnin inda ba wanda zai koya mata komai. Hukuncin da ka yanke mata kuwa, ta ce tun da kuka yi aure ba ka taɓa yi mata kyauta irinsa ba. Ta faɗa tana dariya, sai kuma ta yi kuka.

Saura maganar alkawari, tunda a kansa ka kafa tutarka. Ina tsaye a bakin gadon nan, ni ce ma nake gyara maka ƙarin ruwa. Abin da ta ce shi ne, “Abin da likita ya hana ka, ni…” Iyakarta ke nan. Kai ka karɓe daga kwance, da robar iska a hancinka, ka ce, “Ke ma kin bar shi! Allah ya yi miki albarka!” Ka kira masu jinya ka shaida musu. Wa zai ƙaryata mutumin da zuciyarsa ta tsaya jiya? Ta dube ni, na dube ta. A gida ta cika maka alkawarin da kai ka ɗaukar mata, ba ta taɓa dafa nama a tukunyarka ba. Sau da yawa ta buɗe baki za ta gaya maka sauran, kai ka san yadda hakan ke ƙarewa.

Ba sai ka yarda da ni ba. Gani ya kori ji. Ka je wurin ka ce a nuna maka teburinta.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kin huce gajiyar ƙauye. Ki gaida duk wanda ke gidanki, har da na ɗakin baƙi, in za a karɓa. Jinin ya sauka. Abin bokitin ya farfaɗo, ashe ruwa yake so.

Na je. Ba don na yarda da ke ba, na je ne in tattaro hujjar da zan ƙaryata ki da ita. Na sa hulata mai kyau, na hau bene da rana tsaka, lokacin da babu kowa sai wasu mutum biyu masu kwat suna raɗa.

Dattijon nan ya gane ni tun daga ƙofa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ranar nan na yi ɓaranɓarama, a gafarce ni.” Na ce ba komai, tarihi cike yake da irinsa. Na ce ya kai ni teburinta.

Muka wuce manyan tebura, muka wuce cinyoyin da ke tsufa, muka zagaya bayan wani ginshiƙi. Ga ɗan tebur a lungu, jikin taga. Kujera ɗaya.

Na ce, “Ina ɗayar?”

Ya ce, “Ita ta ce a ɗauke, tun ranar da ta fara zuwa ita kaɗai. Ta ce in akwai kujera wani zai zauna.”

Na zauna. Na ɗauka aƙalla tagar tana kallon birni ne, ko wani lambu, abin da mutum zai ce don shi ake zuwa. Yaya, bayan wani gini ne. Bango, da bututun ruwa, da tantabaru biyu da ba su da aikin yi. Na tambaye shi ko littafi take kawowa. Ya ce a'a. Waya fa? Ya ce tana cikin jaka. Na ce to me kuke hira a kai? Ya ce, “Ba ma hira, ranka ya daɗe. Ta ce kamar kullum, in kawo, in ta gama ta ce na gode.”

Na ce a kawo mini irin nata, kada ki gaya wa likita. Na ce a haɗo da wuƙar. Ya ɗan rusuna ya ce a yi masa aikin gafara, ba a ba wani wuƙar wani. Na ce ni ne mijinta. Ya ce ya sani. Aka kawo mini ta gama-gari, irin wadda ake ba Injiniya.

Da naman ya iso na yanka na ga jan nan a tsakiya, sai na tuna wani abu da na karanta a kan yadda mutanen farko suka fara gasa nama, da yadda cokali mai yatsu ya sha tsangwama kafin a karɓe shi. Dattijon yana tsaye da tulun ruwa a hannu, na ga bai kamata in bar shi cikin duhu ba. Na fara. Ina cikin yi, na kai wajen da ya fi daɗi, sai na ɗaga kai. Yana gyaɗa kai a inda ya dace. Bakinsa da ɗan murmushi na ladabi. Idanunsa kuwa sun yi tafiya, sun bar gari.

Na san fuskar nan. Ita nake gani a ɗaya gefen teburina shekara talatin, ina cewa a raina, Allah ya ba ni mace mai son ilimi.

Na tsaya a tsakiyar jimla. Ban taɓa yi ba, ashe ba a mutuwa. Ya zuba mini ruwa ya tafi. Na zauna ni da bangon. Da farko kamar in yi ihu. Can sai na fara jin ƙarar wuƙa a kan faranti, da sanyin taga a kafaɗata, da ɗanɗanon abin da ke bakina. Loma kaɗan na ci. Ya yi daɗi, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Kada ki ɗauka na huce. Da namiji ne, da na san yadda ake fushi da shi, akwai littattafai a kan haka. Amma bango, Yaya? A ce an auna ni da bango da tantabaru biyu, bangon ya yi nasara? Kuma kun sani ku biyu, kuka bar ni ina yawo da labarin nan gida-gida kamar mai tallan turare. Wannan ciwon yana nan, ba zan yi miki ƙarya ba.

Maganar asibiti kuwa, na so in ce ƙarya kike yi. Na yi ta juya ranar a kaina. Farkon jimlar da muryarta nake jin sa. Ƙarshen, duk yadda na juya shi, muryata ce.

Yanzu abu ɗaya ya hana ni sukuni. “Abin da likita ya hana ka, ni…” Ni me? Me za ta ce? Ki tambayar mini ita.

Ɗan kawunki

*

Ƙamus,

Lafiya lau. Na karanta mata wasiƙarka. Ta yi dariya a wajen wuƙar, ta daina a wajen fuskar.

Ta ce ba ni za ta gaya wa ba. Jakarta tana bakin ƙofa tun jiya, ba ta ce za ta tafi ba, ba ta ce za ta zauna ba. Ta dai ce ko ta koma, wuƙarta tata ce, kujerar kuma ɗaya ce.

Ka rubuto mata da kanka. In ka cika shafi, ni zan yaga shi kafin ya kai hannunta.

Yayarka

*

Zuwa ga mai wuƙa,

Ina gaisuwa. Ina shan maganin. Shukarki ta yi sabon ganye.

Na yi kuskure.

Me kika so ki ce a ranar? Ga sauran takardar nan, ban taɓa ta ba.

Mijinki